Gorar da Kaka Ta Kai Dutse Babu Ruwa

Har yau in na ji ruwa yana kaɗawa cikin gora, raina sai ya ɓaci, kuma Kawu nake tunawa.

Akwai wani dutse gabas da ƙauyenmu a ƙasar Tanut, da kogo a samansa inda wani tsohon malami ya yi halwa tun zamanin da. Bayan an gama girbin gero mukan je ziyara a amalanke, mu dawo kafin magariba. Al'adar wurin ɗaya ce: kowa ya hau da ruwansa ya zuba a randar bakin kogon, domin makiyaya da matafiya. Ba a shan ruwan a hanya, ko maƙogwaro zai tsage.

Shekarar da Kakanmu namiji ya rasu, Kaka ta ce ita za ta kai masa sadakar ruwa da ƙafarta. Gwiwoyinta sun riga sun gaji, amma ta hana kowa taɓa gorar. Ina biye da ita, tana hawa tana nishi, tana hutawa a kan kowane falalen dutse.

A tsakiyar hanya Kawu ya cim mana. Shi ne ɗanta na fari, ma'aikaci a Damagaram, ya zo da maigidansa na wurin aiki don ya ga dutse. Ashe baƙon ya taka kashin shanu. Kawu ya rikice kamar gobara ta tashi, ya waiga, ya sauke gorar daga kan Kaka.

"Inna, kawo, ai akwai wani ruwan a sama."

Ya durƙusa ya wanke takalmin mutumin tas! Ruwan da tsohuwa ta ɗebo daga rijiya mai zurfin gaba talatin, ta hau da shi rabin dutse, ya ƙare a kan takalmi. Kun san kunyar ɗan fari. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa gaban baƙo. Ni ta duba ta ce, "Mu je, 'yar nan."

Da muka kai, ta kifa gorar a bakin randa. Ɗigo uku na ƙirga. Ta daɗe a tsaye tana jiran na huɗu. Ba ta sake hawa dutsen ba, damina ba ta same ta a duniya ba.

Yanzu da babur ake zuwa, a ɗauki hoto, a watsar da ledoji a sauko. Randar ma sau da yawa a bushe nake tarar da ita. Kawu ya tsufa, gwiwa ta kama shi shi ma. Bana ya kira ni ya ce, "'Yata, in za ki hau, ki kai mini ruwa don Inna."

Na karɓa, don babba ne. Amma ban ce masa komai ya wuce ba. Na kai ruwan, na zuba, na tsaya riƙe da gorar a kife har ta daina ɗiga.