Abin da ya riƙe kwamfutar Shinkafi

Ana idar da sallar asuba muka fito daga gida a Ƙaura Namoda, ni da direba da wani injiniyan sadarwa da na ɗauko daga Gusau. Ban gaya wa kowa ba, amma da niyyar karɓe makullin shagona na Shinkafi na fita.

Taki nake sayarwa da iri da maganin feshi, a Ƙaura da Zurmi da Shinkafi. Kwamfutar da muke aiki a kanta ba ta cikin ko ɗaya daga shagunan. Haya na kama a wata cibiya mai nisa, na shago allo ne kawai: ka danna harafi, saƙo ya tafi can, amsa ta dawo, sannan ka gani. Ko an fasa shago ba abin da zai salwanta. To, tun da damina ta matso mai kula da Shinkafi ke kukan kwamfuta na nawa, manoma na gajiya da layi suna tafiya wajen wani. Ni kuwa a Ƙaura lafiya lau take. Sai na ɗauka uzurin wanda ya gaji da aiki ne.

Mun fara tsayawa shagon Ƙaura, domin injiniya ya ce ba ya duba mara lafiya sai ya ga mai lafiya. Ya tura wani ɗan saƙo zuwa cibiyar, ya auna daɗewarsa kafin ya dawo. Na ce ko mu ƙara data ne kawai a huta. Ya ce, “Alhaji, faɗin titi daban, daɗewar ɗan aike daban. Ko tirela nawa titi ke ɗauka, in shingaye sun yi yawa ba mai isa da wuri.” Nan na gane mutumin. Wanda ya taɓa jiran motar taki ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Hanyar Zurmi shingayen gaske muka tarar, ana leƙa mota ana barin mu. Gonaki an share, an zuba takin gida tsibi-tsibi, ana jiran ruwa. Mun sha fura a bakin tasha wajen wata Bafulatana, nonon da kauri, kuɗin ma da kauri. Kwamfutar shagon Zurmi ita ma tana ɗan nawa, sai dai ba su taɓa kai ƙara ba. Injiniya ya bi zango-zango: daga allo zuwa akwatin intanet, daga akwati zuwa turken sabis, daga turke zuwa cibiya. Tun zangon farko ya tsaya. Ashe don tsoron ɓarayi an kulle akwatin cikin kabad ɗin ƙarfe, tare da hatimi da sauran kaya masu daraja. Bai yi dariya ba, ni na yi. Ya ciro shi ya rataye kusa da taga. Kafin la’asar mun koma Ƙaura, don ba mai son yamma ta same shi a hanyar nan.

Washegari Alhamis muka nufi Shinkafi, ranar kasuwa. Motocin albasa, awaki a bayan babur, ’yan Nijar da rawunansu, ko’ina mutum. Da safe kwamfuta ta yi aiki. Rana na ɗagawa ta fara: mai kula da shago ya danna, ya jira, manomi na tsaye yana kaɗa hula. Da idona na ga biyu sun juya. Na ce ai turke ne ya cika da wayoyin ’yan kasuwa. Injiniya bai yarda ba sai da ya gwada. Ya tura saƙo ta wayarsa, kamfani ɗaya, wuri ɗaya, ya dawo da wuri. Ya tura ta akwatin shago, ya daɗe. Ya ce, “Turke ba shi da laifi. Cunkoson a ƙofarku yake.”

Sai ya jona allon da akwati ta igiya, ya ce in dubi rumfar ƙofar shago, ya kashe wayifai. Kwamfuta ta zabura. A waje kuwa, duk kawunan da ke sunkuye kan waya suka ɗago lokaci guda.

Na juyo ga mai shago. Bai ɓoye ba. Ya ce, “Alhaji, mi zan ce musu? Mai shayi ya roƙi lambar wayifai, na ba shi. Mahauci ya roƙa. Wanga tsoho ɗansa na Agadas, nan yake zuwa su ga juna ta waya. Ban san shi ka riƙe aiki ba.”

Mai shayi ya leƙo da kofi a hannu, ya ce, “Alhaji, in za ka rufe ka rufe, kayanka ne. Amma ran da hadari ya taso takinka na waje, malam mai shago na masallaci, mu munka kwashe shi.”

Na san kuɗin buhun taki, na kuma san abin da ruwa ke yi masa. Na tambayi injiniya ko dole sai an kore su. Ya ce a’a. Ya raba layin biyu, aikin shago a gaba, maƙwabta su bi baya da abin da ya rage. Ya tsaya har layin manoma ya ƙare, ya sake aunawa, sannan ya yarda ya ci tsiren da mahauci ya aiko.

Mun iso Ƙaura da sauran rana. Tafiyar ta koya mini kada in yanke wa mutum hukunci daga inda kwamfuta ke gudu, sai na bi hanyar zango-zango na ga inda saƙo ke tsayawa. Makulli na nan aljihun mai kula da shago. Da muka tayar da mota daga Shinkafi ma tsohon nan bai lura da sallamarmu ba, yana can yana yi wa na Agadas faɗan ya rame.