Abin da Jininmu Ya Riƙe: Ga Yaya Abdussamadu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Sha'aban 1446, wadda ta yi daidai da 11 ga Fabrairun 2025, Allah ya karɓi ran yayana, Malam Abdussamadu Tamba, malamin kimiyyar halittu a wata sakandare ta Argungu. Ya cika da hantsi a Birnin Kebbi, aka kai shi gida Argungu, aka sallace shi bayan La'asar. Ya bar mahaifiyarmu Inno, da matarsa Riskuwa, da 'yarsu Mubina wadda ko yaye ba a yi mata ba. Ya tafi da ƙodata ta hagu a cikinsa.

Yaya, ɗalibanka sun cika ƙofar gida, kowa da labarinsa. Wani ya ce kai ka goya shi a babur zuwa asibiti ranar da zazzaɓi ya kayar da shi a aji. Wani dattijo masunci ya tuna shekarar da masunta suka ƙi kawo 'ya'yansu rigakafin ƙyanda, ka bi su har bakin gulbi, ka tsuguna kana zane a yashi da tsinke. Ka ce musu a cikin jini akwai ƙwayoyin halitta da ba su da aiki sai tunawa: cutar da suka taɓa gani ko sau ɗaya ba sa manta fuskarta, in ta dawo bayan shekara talatin su ne ke fara tare ta. Allura nuna musu fuskar kawai take yi. Dattijon ya ce tun ranar bai ƙara ɓoye jika ba.

Ni kuwa tsokanarka ce ba ta barina. Da ƙodojinka suka gaza shekara uku da suka wuce, aka gwada 'yan gida, tawa ta dace. Bayan an yi dashen, ba ka ƙara kirana Mansura ba sai a gaban baƙi, sunana ya koma Mai Ɗaya, wai mai ƙoda ɗaya. Duk zuwanka Gwadangaji sai ka sauke mini albasar Augie a bakin ƙofa, ka ce kuɗin hayar ƙoda ne. Ka yi ƙiba, ka koma aji, aka haifa maka Mubina. Ban taɓa farin ciki irin na waɗannan shekarun ba, kuma ba na zaton zan ƙara.

Sai bara, lokacin girbin shinkafa, kaluluwa ta fito maka a wuya. Muka ɗauka ta kwana biyu ce. Ta ƙi sauka, wata ta biyo ta a hammata, ga zazzaɓi, ga rama. Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya yi bayani ban kama komai ba, sai da muka fito baranda ka zaunar da ni kamar ɗalibarka.

Ka ce akwai wata ƙwayar cuta da ke bin yawu, wadda kusan kowa a nan yake ɗauka tun yana goye, ba tare da an sani ba. Wanda ta makara ta same shi yana saurayi shi take kayarwa da ciwon maƙogwaro da kaluluwa da kasala ta makonni. Turawa suna ce mata cutar sumba. Ka yi dariya ka ce mu nan ba ma jiran mu kai shekarun sumba. In ta shiga ba ta fita. Cikin ƙwayoyin tunawa ɗin nan take samun ɗaki ta kwanta, wasu ƙwayoyin kuma su tsaya gadinta har ƙarshen rayuwar mutum. Kai kuwa, maganin da kake sha don kada jikinka ya ƙi ƙodata, masu gadin nan yake sa barci. Cutar ta farka, ta sa ƙwayoyin da take ciki suka yi ta hayayyafa ba tsayawa, har ya zama ciwon daji. In an rage maganin, masu gadi su tashi su yaƙe ta, amma za su tuna ƙodar Mansura baƙuwa ce. An rage. Suka tuna.

A barandar nan na yi maka tambayar da har yau take kwana da ni. Abu ɗaya da na tsinta a bakin likita shi ne, wani lokaci cutar cikin ƙodar da aka dasa take zuwa. Na ce, “Yaya, ni na kawo maka ita?”

Ka ce, “Mai Ɗaya, kin manta yadda Inno ka ba mu kihi? Ta tauna, ta hidda ƙaya, ta sa muna baki. Tun kahin aiki anka gwada mu, ni da ke dut muna da ita. Baki guda munka samo ta. Amma kak ki kuskura Inno ta ji wagga magana.”

Na yarda da kai a ranar, don kai ba ka saba yi mini ƙarya ba. Amma daga baya na tare likitan ni kaɗai, ya ce gaskiya ne kana da ita tun da can, sai dai ba a bincika ko taka ce ta farka ko wadda ta biyo ƙodata ba, kuma sanin ba zai canza magani ba. Ka tafi ka bar ni tsakanin amsarka da tasa. A wurin zaman makoki na ji wasu mata suna raɗa cewa ƙodar ce ba ta karɓe ka ba, suka yi shiru da na shigo da ruwa. Ban ji haushinsu ba. Idan na yi alwala hannuna ya taɓa wuyana, sai in tsaya ina lalube. Tabon aikin yana yi mini ƙaiƙayi, in tuna 'yar'uwar ƙodar da ta rage mini tana kwance a maƙabartar Argungu. Abin da ya kashe ka yana raye a jinina, a tsare, kuma ina jin tsoronsa.

Ranar addu'ar bakwai maƙwabta suka aiko da miyar kifi. Riskuwa ta kasa ci. Mubina ta rarrafa ta hau cinyar Inno tana miƙa hannu. Ina zaune ina kallo Inno ta gutsuri kifin, ta tauna da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta zare ƙaya da yatsa biyu. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba.

Ta ce, “Mi aka yi, Mansura? Wanga kihi ƙaya gare shi. Hakanan nic cishe ku, ke da ubanta.”

Na dubi hannun da na riƙe, Yaya, hannun da bai taɓa ba mu komai ba sai don mu rayu. Da shi da ƙodata duk niyya ɗaya ce ta miƙa su. Idan na kama Inno da laifi, na kama kaina. Idan na sake ta, wataƙila wata rana in iya sakin kaina. Na saki. Mubina ta haɗiye, ta buɗe baki tana neman ƙari. Ban faɗa wa Inno komai ba, kuma ba zan faɗa ba.

Ya Allah, ga bawanka Abdussamadu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ilimin da ya bari ya yi ta binsa da lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inno, da Riskuwa, da dangi na Argungu da Birnin Kebbi, da ɗalibansa duka. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ka raya Mubina, ya Ubangiji, ka bar masu gadin jininta a farke har tsufanta.

Ƙanwarka,
Mansura Tamba
Gwadangaji, Birnin Kebbi