Ciko a Kan Ruɓa

Ranar Litinin ce da hantsi, bayan babbar Sallah. Mu uku ne a ɗakin likitar haƙori a Funtuwa: mahaifina kwance a kujera, kuncinsa a kumbure, likita zaune a kansa, ni kuma a tsaye. Haƙorin da muka zo a kai shi ne turmi na ƙarshe da Baba yake tauna da shi. Idan ya tafi, sai koko da kunu.

A watan azumi aka cike haƙorin, a wani ɗakin magani da ke hanyar Malumfashi. Injin kankarewa yana fesa ruwa a baki. Baba kuma yana azumi, yana tsoron ya haɗiye, don haka ya yi ta ɗaga hannu yana neman tofarwa. Mutumin da ke aikin ya gaji da tsayawa. Bai ce a dawo bayan shan ruwa ba, bai ce a bari sai bayan Sallah ba. Ya kashe inji, ya toshe kogon da farin ciko, ya ce an gama. Baba har addu'a ya yi masa, don yana ganin an mutunta azuminsa.

Yanzu likita ta fasa cikon, ta ɗiga wani jan ruwa a cikin ramin, ta wanke. Ta kira ni in leƙa. Ƙasan kogon ya rine ja wur. Ta ce ƙashin da ke ƙarƙashin farin haƙori, idan ƙwayoyin cuta sun cinye shi, shi ne yake kama rinin haka; wanda ya ɗan yi ja-ja kawai kuma yana da tauri, ba a taɓa shi. Ta sa ɗan ƙarfe mai baki kamar cokali ta kwarfo. Abin ya taso luguf, kamar jiƙaƙƙiyar dusa.

“Ko ba rini, hannu yana jin wannan laushin,” in ji ta. “Wanda ya rufe shi ya san abin da ya rufe.”

Baba ya tofar, ya ce, “Likita, mu ko rumbu ba ma yaɓe shi a kan jiƙaƙƙen hatsi.”

“To, Baba, naka an yaɓe.”

Ya yi murmushi da rabin baki, ya ce ƙaddara ce. Ni ban yarda ba, har yau kuma ban yarda ba. Ruɓa tana iya zama ƙaddara. Amma mutum ya ga dattijo yana kiyaye ibadarsa, ya fake da wannan ya bar aiki rabi, ya kuma yi shiru, wannan ha'inci ne. Magana ɗaya ta isa ta ceci haƙorin, ya hana.

Likita ta ci gaba da kwarfa har ta kai jijiya. Hoton da aka ɗauka ya nuna mugunya a gindin saiwa, bangon haƙorin kuma ya tsage. Da kumburin ya saɓe, aka cire haƙorin a mako na gaba.