Jan Zaren Kawu Sule

Ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ina tashar motar Batsari, Inna Hajo, matar kawuna, ta kira ni. "Hafsatu, sai haƙuri. Kawunki ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya rasu a gidansa na Karare, bayan jinyar mako biyar.

Kawu Sule yayan mahaifiyata ne, sana'arsa sayar da irin gyaɗa. Kowane buhu sai ya ɗebi ƙwaya ɗari ya shuka a kasko. In goma suka ƙi fitowa, buhun ya zama na masu ƙuli-ƙuli. Wanda ya yi kyau kuwa, da hannunsa yake ɗinke bakinsa da jan zare, har sunan ya bi kayansa: Jan Zare. Yakan ce, "Mai sayen iri, shekararsa ya ba ka amana."

Bara, da na gama jami'a, na buɗe masa shafi a intanet da wannan suna, mai ƙarewa da .com, don ƙungiyoyin manoma na nesa. Na gaya masa an fito da sababbin wutsiyoyin adireshi, irin su .shop da .store, kuma kowa na iya ɗaukar sunansa ya liƙa masa ɗaya. Na ce mu riga su kamawa.

Ya yi dariya. "Ke 'yar boko, rumfa nawa mutum guda zai zauna? Tun da Sarkin Kasuwa ya nuna mini wurina, wa ya taɓa shimfiɗa tabarma a kai?"

"Kawu, can babu Sarkin Kasuwa."

"To ba kasuwa ba ce, daji ne."

Sau ɗaya na faɗa. Kunya ta hana ni maimaitawa.

Ranar sadakar uku aka kira ni zaure. Wani dattijo ne daga Safana, shugaban ƙungiyar manoma. Bayan gaisuwa ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji, 'yata. Yana kwance ma bai manta da mu ba. Makon jiya buhunanmu suka iso, da jan zarensu."

Mako biyar Kawu bai riƙe basilla ba. Sito a kulle yake, makulli na hannun Inna Hajo. Na roƙi dattijon ya nuna mini inda suka saya. Ya buɗe mini wani shafi a wayarsa. Sunan namu ne. Hoton hannuwan Kawu ne yana ɗinki, wanda ni na ɗauka. Wutsiyar ce kawai daban: .shop.

Dattijon ya aiko mini da tafi guda daga buhunan. Na ƙirga ɗari na shuka a kaskon Kawu. Yau kwana tara, goma sha ɗaya suka fito. Tun shekaranjiya hadari ke haɗuwa a gabas.

Na sanar da manoman Safana, na rubuta gargaɗi a shafinmu, na aika ƙorafi ga masu rajistar adireshin. Ban san wanda ya buɗe wancan shafin ba. Ban san ko tun Kawu yana da lafiya aka fara ba. Ban san buhu nawa suka fita, ko garuruwan da suka shiga ba. Ban san mutum nawa ke jiran ruwan farko su zuba wannan iri a ƙasa suna sa wa Kawu albarka ba, ko abin da za su ce da shi bayan kwana tara.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri. Wanda duk zaren nan ya yaudara, ya Allah ka sanar da shi ba hannun Kawu ne ya ɗinka ba. Amin.