Hotunan Malam Ilu da Aka Yanke wa Kawuna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana, Malam Ilu mai gyaran agogo a kasuwar Daura. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa. Ya rasu ne a daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, lokacin ina aji biyar a sakandare. Yanzu ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta tarihi. Ni ba mai magana ba ce, a gidanmu sai a yi taro a watse ba a ji muryata ba. Amma akwai abin da na haɗiye tsawon shekarun nan, kuma bana ya ƙi haɗiyuwa.

Mutanen kasuwa sun san Kaka da ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya idan zai buɗe cikin agogo. Kaɗan ne suka san akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Kakansa Tanko mutumin Sandamu ne da ya bi fatake zuwa kurmi tun kafin Turawa su iso ƙasarmu, can bakin teku ya shiga soja. 'Ya'yansa biyu, Mamman da Audu, suka bi sahunsa. Da aka sallame su, Mamman ya zauna a Babban Mutum, Audu ya dawo Daura ya haifi Kaka da ƙanwarsa Hajara, wadda duk gida muke kira Gwaggo.

Kusan shekara arba'in Kaka ya yi yana bin dangi gida-gida yana tattara abin da mutanen nan uku suka bari. Ya samo maɓallan tagulla, da lambar da ake maƙalawa a jar dara, da igiya uku ta saje a jikin wani ƙyalle da ya kusa zama gari. Bakin bel ɗin Tanko a Dutsi ya same shi, an ɗaura a jikin guga don ya riƙa nutsewa da wuri. Sai kuma hotuna tara, kowanne sojoji ne a jere, wasu tsaye wasu zaune. Ɗaya daga ciki ma ba kyauta ba ne, jikokin Mamman ne suka ba shi ajiya, ya yi musu alkawarin zai nuna musu kakansu a ciki ya mayar musu da abinsu.

Bai taɓa ɗora alƙalami a bayan hoto ba, ya ce tawada tana cin takarda. Sunayen a kansa suke. Da ya ga ina son rubutu, sai ya sa ranar Juma'a da hantsi mu riƙa zama, shi yana faɗa ni ina rubutawa a littafin makaranta. Yakan miƙo mini gilashinsa ya ce, "Uwargida, bar kallon kayan jikinsu, na Bature ne. Dubi kunci." Idan na duba da kyau sai in ga tsagen gidanmu a fuskar mutum ɗaya cikin takwas ko goma. Da wannan kaɗai ake gane namu, domin kayan iri ɗaya ne, hula iri ɗaya, tsayuwa iri ɗaya. Ya ce a bi girma, muka fara da hotunan Tanko guda uku. Muna gama su ciwo ya kwantar da shi. Shida na Mamman da Audu ba mu kai gare su ba.

Bayan sadakar arba'in, ƙanin mahaifina ya karɓi makullin akwatin. Ba zan faɗi sunansa ba, Baffa nake ce masa. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da shi a zaure da reza, hotunan a kan tabarma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yanke kawuna daga wuya zuwa sama. Ya ce ya ji a wa'azi cewa idan aka cire wa hoto kai ya zama kamar itace, babu sauran laifi, kuma yanzu lokacin gyara ne, daga gida ake farawa. Ya ƙara da cewa ai rangwame ya yi da bai ƙone su ba. Na tsuguna na kwashe gangar jikin, na mayar akwati, ban ce uffan ba. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun kusan yadda nake jin haushinsa.

Kada wani ya ɗauka da shari'a nake faɗa. Na tambayi malamaina na Islamiyya, kowanne ya faɗi fahimtarsa a kan hoto, wasu sun tsananta wasu sun sassauta. Amma ban samu ko ɗaya da ya ce halal ne mutum ya sa reza a kayan gado kafin a raba, ba tare da ya tambayi kowa ba. Hotunan mahaifin Gwaggo ne, tana raye, gidanta bai kai tafiyar minti goma ba. Ɗaya kuwa amanar wasu ce. Kaka bai taɓa rataye hoto a bango ba, kuma limamin unguwarmu na wancan lokaci ya sha zama da shi su duba tare. Idan Baffa yana neman abin da addini ya ce, to ya fara da abin da ya ce a kan amana.

Nakan tambayi kaina me Kaka zai ce da ya ga Daura a yau. Bana Baffa ya nemi kansila. Tun daga tasha har ƙofar gidanmu fuskarsa ce a jikin bango, da hula a karkace, da murmushi har kunne. Har a ƙofar zauren da ya yi yankan an manna biyu. Wannan kan bai ga dalilin cire shi ba. Na san Kaka ba zai ɗaga murya ba. Zai tsaya ne ya dubi fostar, ya dubi ɗansa, ya wuce masallaci, kuma Baffa zai gwammace a mare shi da wannan kallon.

Makon jiya, bayan addu'ar da muke yi wa Kaka duk shekara, na tare Baffa a tsakar gida. Na tambaye shi inda ya kai kawunan. Na yi ta fatan suna cikin wata ambulan a ƙasan kayansa. Ya ce tun ranar ya binne su a garka bayan gida. Damina bakwai ta zuba a kansu.

"Ke har yanzu kina kan takardun nan?" in ji shi. "Sojan Nasara ne fa. Abin da ya kamata a rufe shi kike son tonawa."

A nan na gane ba hoto ne ya dame shi ba, kunya ce. Ni ma na karanta irin aikin da aka sa sojojin zamanin nan suka yi, kuma ba duka ne abin alfahari ba. Kaka bai taɓa ce mini jarumai ne ba, ce mini ya yi namu ne. Wanda ya ji kunyar kakansa yana iya kau da kai. Ba shi da ikon hana sauran jikoki su ga fuskarsa.

Washegari na ɗauki hotuna shidan na kai wa Gwaggo. Ita kaɗai ta rage wadda ta ga Audu da Mamman da idonta, idon kuma yanzu ya yi rauni. Muka fita hasken rana, na riƙe mata gilashin Kaka. Ta daɗe tana bin gangar jikin da yatsa. A hoto na huɗu ta tsaya a kan wani da ya cusa hannun hagu a bel. Ta ce babanta ne, bindiga ta taɓa fashewa ta cinye masa yatsu biyu, har ya mutu haka yake ɓoye hannun idan ya ga baƙo. Na duba, yatsu uku ne a waje. Da wannan hannun muka gano shi a wani hoton kuma. Ta yi dariya, sannan ta daɗe tana share ido da bakin zane.

Mamman kuwa ya gagara. Tana ƙarama ya rasu, fuskarsa kawai take tunawa, fuskar kuma tana garka. Da ta ga ina ta jujjuya hoton jikokinsa a hannu, sai ta ce, "Ke 'yar boko, zaɓi wannan mai faɗin kafaɗar ki rubuta Mamman. Wa zai ƙaryata ki? Duk sun tafi, saura ni, ni kuwa ba zan faɗa ba."

Na so in yi. Mutanen Babban Mutum sun aiko sau biyu suna tambayar ajiyarsu, kuma da na nuna musu mai faɗin kafaɗa da sun yi murna sun sa mini albarka. Amma ta yiwu mutumin kakan wasu ne a wani gari da ban taɓa zuwa ba. Baffa ya raba shi da kansa, ba zan raba shi da sunansa ba. A littafin na rubuta: Mamman yana cikin mutum tara ɗin nan, ba a san wanne ba ne.

Idan na auna abin da ya rage na Malam Ilu, ba shi da yawa. Shagonsa yanzu wayar hannu ake gyarawa a ciki. Akwai maɓallai, akwai bakin bel, akwai Tanko da Audu da muka san inda suke tsaye. Sai alkawari guda da ya mutu bai cika ba, wanda ya faɗo kaina. Ranar Asabar zan hau mota zuwa Babban Mutum in mayar wa jikokin Mamman hotonsu yadda yake. Za su tambaye ni wanda ya yi wannan aiki, kuma wannan karon zan buɗe baki in faɗa.