Mushe Takama da Kalmar da Ta Raina Kurame

Kullum da hantsi za ka ga Mushe Takama, wato Malam Takama, ya jingine tsohon kekensa a gindin itacen bedi, ya karkaɗe ƙafar wando, ya shiga aji. Haka ya yi ta koyar da Ingilishi a kwalejin Illela har furfura ta cim masa, bana kuma ya ajiye alli. Kowa ya san shi da ƙaton gashin baki, wanda yake murzawa in zai yi faɗa.

Wata shekara sanƙarau ya kama ɗalibarsa Nabila. Ta tashi, amma ba ta ƙara jin ko tsawa ba. A taron malamai aka ce a sallame ta, wani ma ya ce koya wa kurma baƙon harshe "absurd" ne, wato abin da hankali ba ya ɗauka. Mahaifinta kansa ya sare da zancen lakwal, wato makaranta, ya ce, "Mushe, ku bar ta gida. Mi za ta ɗauko a lakwal?"

Takama ya ce, "Malam, ku ba ni ita zuwa damina."

Washegari ya shigo aji leɓe fayau, ya aske gashin bakin nan ƙwal don yarinya ta riƙa karanta magana a bakinsa. Yara suka yi ta dariya, matarsa ta yi kwanaki tana tsokanarsa. Ya dawo da Nabila layin gaba, ya kuma daina magana yana fuskantar allo.

Waɗanda suka zauna ajin sun ce ya rubuta kalmar nan ta "absurd" a allo, ya bayyana musu cewa daga Latin ta fito. Can asali ana faɗinta ga sautin da bai yi wa kunne daɗi ba, saiwarta kuma tana nufin kurma. Ya ce, "Mutanen da sun haɗa kurumta da rashin hankali. Nan sun yi kure." Ya faɗa a hankali, yana kallonta, ta kuwa gane.

Kai ne, Mushe, ka hana a rufe mata ƙofa, kuma ba ka taɓa yin gori ba. Nabila ta ci jarrabawa, yau tana koyar da yara kurame.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malaman da ke aji yanzu, kafin ku ce yaro ba zai iya ba, ku fara juyowa ya ga bakinku.