Mandiri a Kwanakin Takaba

Sana'ata kiɗan mandiri a bikin mata, kuma a Madina ba sana'ar da ake ɗaga murya a faɗa ba ce. Wajen gwaggota na gaje shi. Kakanninmu a ƙasa suka tako daga wajejen Kano, suka sauke farali, suka ƙi komawa. Ni a nan aka yanke mini cibi, shi ya sa Hausata ba ta rabuwa da ɓarɓashin Larabci. A gidan biki haɗa ni ake da lasifika har kunnena ya yi tsuwa. A gidan kula da tsofaffi kuwa, can wajen Al-Azizya, inda nake zuwa ranar Talata da la'asar don Allah, daga ni sai fatar mandirin da tafin hannuna.

Ɓangaren mata kaɗai nake shiga. A turo su a kekunansu, a jera a falo. Wasu barcinsu suke sha, wata kuma tun ban fara ba take cewa in rage ƙara. Nakan fara da begen Manzo don kada a ga laifina, daga nan in zame a hankali zuwa waƙoƙin gaɗa da na daka da gwaggo ta koya mini.

A cikinsu akwai wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan, ni Inna nake ce mata. Shanyewar ɓarin jiki ta cinye mata hagu, amma ta bar mata baki, kuma bakin nan ba ya hutu. Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, kiɗa kike yi ko korar ƙuda?" Na ji haushi, na buga da ƙarfi don in ba ta kunya. Sai ga ta tana rawa da kafaɗa ɗaya, tana tafi a cinya. Tun daga ranar muka shaƙu.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta, wani tsohon tela da take kira Malam, yana ɓangaren maza na gidan. Ranar Juma'a ake turo shi ɗakin baƙi su zauna, ta yi ta yi masa faɗa a kan farcensa da bai yanke ba, shi kuma yana murmushi. Da ciwo ya tsananta masa aka kai shi asibiti.

Wata Talata mai kula da ɓangaren mata ta tare ni a bakin ƙofa. Jinin Hausawa ce irina, tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Ta ce Malam ya rasu, har an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ɗan ƙanensa, wanda shi ne kaɗai danginsu a garin, ya zauna da likita sun yanke shawarar kada a faɗa wa Inna, don zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

"Ki yi kiɗanki kamar kullum," in ji ta.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Takabar fa?"

Ta ce, "Ya ukti, 'yar'uwata, takaba ko ranta?"

Na san abin da kowace mace a cikinmu ta sani: mai takaba takan ajiye kwalli da lalle da turare, ta nisanci kiɗa da duk wani abin ado. Kuma kwanakin daga ranar rasuwa suke fara tafiya, ko matar ta ji ko ba ta ji ba. In sun ƙare sun ƙare, ba a rama su. Da wannan sanin na shiga falon, na zauna a gaban Inna, na gasa fatar da tafin hannu, na buga. Ta yi rawa.

Na so in daina zuwa, mai kular ta ce in na ɗauke ƙafa Inna za ta shinshino wani abu. Na gwada dabara, na ce daga yanzu bege kawai zan riƙa yi. Ko rabin baiti ban kai ba Inna ta katse ni.

"Yau kuma wa ya mutu? Ba ni na gaɗa, ki bar wa masu barci wannan."

Na ba ta na gaɗa. Hannuna yana kan fata. Abin da ya fi damuna shi ne hannun bai taɓa kuskure ba. Da ya yi rawa, ko ya rikice, da na ce jikina ma ya ƙi yarda. Ina! Kiɗan fita yake tsaf, har ma'aikatan gidan suna leƙowa.

Wata rana na tarar an sa mata lalle a hannun dama, ja wur, wai don Malam ya gani in an sallamo shi. Ta ce in ɗauki kiɗan a wayata in aika masa asibiti. Na kunna, na buga, ita kuma ta matso da baki ta ce, "Malam, ka ji abin da ke wuce ka ko? Kalas, kwanciyar nan ta isa haka, ka tashi." Da na dawo ta tambaye ni ko ya ji. Na ce ya ji. Ta ce me ya ce? Na ce ya yi dariya. Muryar tana cikin wayata har yau, na kasa saurara, na kasa gogewa.

Haka watanni suka yi ta shuɗewa. Kullum na fita sai in ce Talata mai zuwa zan faɗa mata, kowa ya yi abin da zai yi. In Talatar ta zo, na ga yadda take haki bayan 'yar rawar nan, sai in tuna maganar likita, in ci gaba da kiɗana.

Wadda ta fasa ƙwan wata ƙawarta ce tun ta Sudan, mazauniyar garin Badr, da ba wanda ya tuna ya ja mata kunne. Ina tsakiyar kiɗa ta shigo da ledar dabino, tana dogara sanda. Ta durƙusa gaban keken, ta kama hannun Inna.

"Hajiya, ya haƙuri? Ƙafa ta hana ni zuwa kina takaba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna ce makoma."

Ban san sanda mandirin ya sauka a cinyata ba. Na zuba wa Inna ido ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Zuciyar da aka ce ba za ta ɗauka ba ta ɗauka. Ta tambayi yaushe, aka faɗa mata. Ta lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta sake lanƙwasawa. Kwanakin sun ƙare, har sun ɗan gota. Ta sa aka kira wani malami a waya, ya ce babu laifi a kanta ko kaɗan, tunda ba ta sani ba. Ta ce, "Ai ba laifi nake tambaya ba."

Talatar da ta biyo na zo hannu rabbana, na bar mandirin a gida. Ba ta falo. Na same ta a ɗakinta tana fuskantar bango. Na yi sallama, ta amsa ba tare da ta juyo ba.

"'Yar nan, kin sani?"

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Na so ta zage ni, ita da zagi ba ya mata wuya. Can ta ce, "Na dafa masa, na wanke masa, na biyo shi ƙasar da ban san kowa ba. Abu ɗaya ya rage in yi wa mutumin nan, ku kuka ga ya fi kyau in yi masa rawa."

Na ce, "Inna, malamin da aka kira ya ce kwanakin sun wuce."

"Naku sun wuce. Nawa yau za su fara. Zo ki tsefe mini kan nan, hannuna ɗaya ne."

Kitson sabo ne, ƙanana, an ja shi da kyau. Na zauna a bayanta na fara daga ƙeya, don kada ta ga fuskata.